Kilo Goma Kafin Biki: Lissafin da Jiki Ba Ya Yarda da Shi

A ɗauka mace ce mai nauyin kilo 96, saura mako biyar bikin ƙanwarta, ta kuma ci alwashin sai ta sauke kilo 10 kafin ranar. Tun daga Litinin ta yi sallama da sukari da duk wani abinci mai sitaci, ta koma ganye da ɗan nama, sau biyu a yini. Ran Lahadi da sassafe, ko ruwa ba ta kurɓa ba, ta hau sikeli: 92.5. Ta sauka, ta ja sikelin zuwa inda daɓe ya fi daidaita, ta sake hawa. Lambar na nan daram. Kilo uku da rabi a kwana shida! Nan take ta buga lissafi da yatsu, ta ga in aka tafi a haka ai har sai an rage mata ɗinki. Mako na biyu kilo ɗaya ya sauka. Na uku, rabi. Na huɗu sikeli ya kafe a 91 kamar an ɗaure shi. Ranta ya ɓaci, ta ce ita dai jikinta ba ya jin magani, ta koma cimarta ta da na kwana biyu kacal, sai ga 93 tana kallonta.

Lafiyar jikin matar nan ƙalau. Abin da ya karkace tun farko shi ne burin da ta ɗora wa kanta, sai kuma yadda ta karanta lambar makon farko. Sikeli ba shi da ido. Ƙashi, tsoka, kitse, jini, ruwa, har abincin jiya da bai gama wucewa cikin hanji ba, duk a dunƙule yake auna su ya ba da lamba ɗaya. Mai son rage ƙiba kuwa kitse kaɗai yake nufi, amma sai ya riƙa murna da duk abin da ya fita.

Jiki yana da ɗan rumbun sukari na ko-ta-kwana a hanta da tsoka, ana ce masa gilaikojin. A babban mutum bai cika wuce rabin kilo ba: kamar giram 100 a hanta, sauran a tsoka. Sai dai kowane giram ɗinsa riƙe yake da ruwa kusan giram uku. Da zarar an janye sitaci da sukari, wannan rumbun jiki ke fara fasawa, ruwan da ke maƙale da shi kuma ya bi fitsari. Ga shi an rage gishiri ko da ba a yi niyya ba, ga sinadarin insulin mai daidaita sukarin jini ya yi ƙasa, ƙoda ta ƙara sakin gishiri da ruwa, ga hanji ba kaya kamar da. Haɗa waɗannan, ka samu kilo biyu zuwa uku cikin 'yan kwanaki alhali kitsen da ya tafi da ƙyar ya kai kilo guda. Shi ya sa mai wannan tsari yake yawan zarya zuwa bayi a makon farko. Ranar da aka koma cin sitaci rumbun zai sake cika, ruwansa ya biyo shi. Kilo biyun da suka dawo wa matar nan a kwana biyu ke nan. Ba ta ci abin da zai zama kilo biyu na kitse ba, ko kusa.

Kitse nasa lissafin daban ne, kuma mai tsada. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700, kalori kuwa shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa kuma jiki ke ƙonawa. Mace mai irin wannan nauyi, wadda ba aikin ƙarfi take yi ba, tana ƙona abin da bai yi nisa da kalori 2,300 a rana ba, in an haɗa numfashi da bugun zuciya da zirga-zirga da komai. Kilo 10 na kitse kalori 77,000 ke nan. A raba su kwana 35, ya zama tana buƙatar giɓin kalori 2,200 kullum tsakanin abin da take ci da abin da take ƙonawa. Wato ta wayi gari ta kwanta ba ta sa komai a baki ba sai abin da bai kai cokali ɗaya na mai ba, har mako biyar. Ka ga tun kafin a zo maganar jajircewa ko rashinta, alƙalami ya riga ya ƙi.

Akwai wani abu da yake ba mutane mamaki: ina kitsen yake zuwa in ya tafi? Da yawa suna zaton gumi yake zama, wasu su ce bayan gida. A 2014 wasu masu bincike biyu a Ostireliya, Ruben Meerman da Andrew Brown, sun bi diddigin lissafin a mujallar likitoci ta BMJ. Daga kilo 10 na kitse, kilo 8.4 ta huhu suke fita a matsayin iskar kabon da muke fesarwa, kilo 1.6 ne kawai ke zama ruwa. Saboda haka ɗamarar roba da ake ɗaurawa a ciki don ta tsatso gumi, da zama a ɗakin tururi, da shayin da ke sa gudawa, duk ƙofar da ba ta kitse ba suke buɗewa. Sikeli zai sauka da yamma, kofi uku na ruwa su mayar da shi.

Hukumar daƙile cututtuka ta Amurka da hukumar lafiya ta Birtaniya duk shawararsu ɗaya ce ga mai rage ƙiba da kansa: rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Ni na fi son a mayar da shi kaso, domin kilo ɗaya a jikin mai kilo 130 ba daidai yake da kilo ɗaya a jikin mai kilo 68 ba. Kamar rabin kashi zuwa kashi 1 cikin 100 na nauyin jiki a mako, shi ne gudun da akasarin mutane ke iya ɗauka ba tare da sun cinye tsokarsu ba. Mai nauyi sosai zai iya ganin fiye da kilo ɗaya a makonnin farko babu damuwa. Wanda ya rage masa kilo huɗu ko biyar kuwa, ko rabin kilo ya samu a mako ya gode.

Kuma wannan gudun ba ya ɗorewa a miƙe. Tsohuwar ƙa'idar da ta cika littattafai ta samo asali ne daga lissafin wani likita a Amurka, Max Wishnofsky, a 1958: ka rage kalori 500 a rana, ka sauke kusan rabin kilo kowane mako. A makonnin farko lissafin ba laifi. Amma da zai ci gaba da aiki yadda ake faɗarsa, da cikin shekara huɗu matar nan ta ɓace ɓat. Ƙaramin jiki ba ya ƙona abin da babba ke ƙonawa. Duk kilon da ya tafi, ya tafi da wani ɓangare na wutar da ake hura masa, giɓin da aka buɗe sai ya riƙa tsukewa da kansa. Kevin Hall, wanda a lokacin yake cibiyoyin binciken lafiya na Amurka, da abokan aikinsa sun fitar da lissafin da ya fi kusa da gaskiya a mujallar Lancet a 2011: duk kalori 24 da mutum ya rage a rana, ya kuma dawwama a kai, za su kai shi ga sauke kilo ɗaya a ƙarshe, amma rabin tafiyar sai an shekara, kusan kammaluwarta kuma sai shekara uku. Kalori 500 ke nan suna iya sauke kilo 20 ko kusa, in an yi haƙurin shekara uku ba a sassauta ba.

A nan ne gizo ke saƙar, domin "ba a sassauta ba" ɗin ita ce ba ta samuwa da arha. Wani bincike na 2016, da hannun Hall a ciki, ya kiyasta cewa duk kilo ɗaya da mutum ya sauke, sha'awar abinci tana ƙaruwa da kusan kalori 100 a rana. Wanda ya sauke kilo biyar, cikinsa na roƙonsa ƙarin kalori 500 kullum, kuma ba da ƙarfi yake roƙon ba: loma ce ke ɗan ƙara girma, cokali ne ke ƙara komawa tukunya, mutum bai ma lura ba. Shi ya sa yawancin masu rage ƙiba ta hanyar abinci ke cin birki wajen wata na shida, suna rantsuwa ba su canza komai ba. Ba ƙarya suke yi da gangan ba.

To me ya kamata a ce an nema? A 1997 Gary Foster da abokan aikinsa a Jami'ar Pensilbaniya sun yi wa mata 60 masu ƙiba, waɗanda matsakaicin nauyinsu kilo 99 ne, tambaya kafin su fara shirin ragewa. Kowace ta faɗi nauyin mafarkinta, da wanda zai faranta mata, da wanda za ta karɓa a haka, da wanda in a nan ta tsaya za ta ce ta yi wahalar banza. Na mafarki ya kama ragin kashi 38 cikin 100, na farin ciki 31, na karɓa da haƙuri 25, na takaici kuma 17. Bayan mako 48 a hannun ƙwararru, matsakaicin abin da suka sauke kilo 16 ne, abin da kowane likita zai tafa wa. Amma kusan rabinsu ba su kai ko nauyin takaicin ba. Sun ci nasara a asibiti, sun faɗi a jarrabawar da suka shirya wa kansu.

A ajiye wannan kusa da wani binciken da aka wallafa a 2002, Shirin Rigakafin Ciwon Sukari na Amurka. Mutum 3,234 ne, duk sukarinsu ya fara hawa amma bai kai matakin ciwo ba. Rukuni ɗaya aka ba su buri mai kama da wasa: su sauke kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su motsa jiki minti 150 a mako, yawanci tafiya da sauri. A tsawon kusan shekara uku, matsakaicin abin da suka sauke bai kai kilo shida ba. Duk da haka kamuwa da ciwon sukari ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin 100, alhali waɗanda aka ba maganin metfomin ragin kashi 31 suka samu. Kilo shidan da matan Pensilbaniya ba za su ko ɗaga ido su kalla ba, su suka fi ƙwayar magani aiki.

Wannan tazara tsakanin abin da madubi ke nema da abin da jini ke buƙata ita ce, a ganina, tushen yawancin karayar zuciya a wannan harka. Ragin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ya isa ya taɓa hawan jini, ya gyara sukari da maiƙon jini, ya rage kitsen hanta, ya sauƙaƙa wa gwiwa. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi, inda ake raba nauyi da tsayi sau tsayi, yana cewa daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 kuma ƙiba ce. Matar nan, in tsayinta mita 1.65 ne, tana kan 35. Kafin ta sauko ƙasa da 25 sai ta zubar da kilo 28. In ta sa wannan a gaba tun ranar farko, kowane wata sai ta ji kamar ba ta yi komai ba. Kilo biyar na farko kuwa suna iya sa likita ya fara tunanin rage mata magani.

Sai dai kada a ɗauka sauri haramun ne a kowane hali. An daɗe ana cewa wanda ya rame da sauri da sauri zai koma, wanda ya bi a sannu shi ke ɗorewa. Magana ce mai daɗin ji, amma da aka gwada ta ba ta tsaya da ƙafafunta ba. A Melbon ta Ostireliya, ƙungiyar Joseph Proietto ta raba mutum kusan 200 gida biyu, aka wallafa sakamakon a 2014. Gida ɗaya mako 12 aka ba su a kan kalori 450 zuwa 800 a rana, ɗayan mako 36 a kan ragi na sannu-sannu. Kashi 81 cikin 100 na masu sauri sun kai ragin da ake nema, na masu sannu kashi 50. Aka bi su kusan shekara uku, sai ga gidajen biyu sun mayar da kusan kashi 71 cikin 100 na abin da suka sauke, babu wanda ya fi wani. Ganin sakamako da wuri yana ƙarfafa gwiwa, wannan gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ba.

Haka kuma binciken DiRECT na Birtaniya, ƙarƙashin Roy Taylor na Niyukasil da Mike Lean na Gilasgo, wanda ya fito a 2017. Masu ciwon sukari nau'i na biyu ne aka ɗora a kan abinci na ruwa mai kalori 825 zuwa 853 a rana, wata uku zuwa biyar. Bayan shekara guda, kashi 46 cikin 100 sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba, a rukunin da aka bari a kan kulawar da aka saba kuwa kashi 4 ne. Cikin waɗanda suka sauke kilo 15 ko fiye, kashi 86 ne suka samu haka. Wannan sauri ne da ya biya kuɗin sabulu.

Amma a duba yadda aka yi shi. Abincin ruwan nan haɗi ne na musamman mai cikakken furotin da bitamin da gishirin jiki. An dakatar da magungunan sukari da na hawan jini tun ranar farko, domin haɗa su da irin wannan ƙarancin abinci na iya jefa mutum cikin faɗuwar sukari ko ta jini. Ma'aikaciyar jinya ko masaniyar abinci na duba mutum a kai a kai. An kuma tsara makonnin komawa abinci daki-daki, sannan aka ci gaba da bibiya wata da watanni. Wanda ya kwaikwayi lambar 800 kaɗai a ɗakinsa, ya bar sauran, ya ɗauki wuƙar likita ne babu likitan. A Birtaniya ƙa'idar ita ce tsarin da ya yi ƙasa da kalori 800 kada ya wuce mako 12, kuma a ƙarƙashin kulawa.

Dalilin wannan taka-tsantsan an koye shi ne da tsada. A 1977 an yi yayin wani furotin na ruwa a Amurka, wanda aka haɗa daga fata da jijiyar dabbobi, mutane na shan shi kaɗai wata da watanni. Sun rame sosai. Gomman mutane kuma sun mutu, 17 daga ciki ba su da wata cuta sai ƙibar, bugun zuciyarsu ne ya rikice. Zuciya ai tsoka ce, jiki mai yunwar furotin ba ya ware ta. Ƙasa da wannan akwai tsakuwar matsarmama, wadda haɗarinta ke tashi sosai in ragi ya zarce kilo ɗaya da rabi a mako: hanta na zuba ƙarin kolestarol cikin ruwan ɗaci, ita kuma matsarmama ba ta matsewa saboda babu maiƙo a abinci, sai ruwan ya kwanta ya daskare. Ko a binciken Melbon ɗin nan, sai da aka yi wa mutum ɗaya cikin masu sauri tiyatar cire ta. Ga zubewar gashi da ke zuwa bayan wata biyu ko uku, lokacin da mutum ya manta dalili. Ga rikicewar al'ada ga mata. Ga jiri da jin sanyi da taurin bayan gida. Garin neman gira a rasa ido.

Ita tsoka tana buƙatar a ɗan tsaya a kanta. A ragin nauyi na yau da kullum, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya tafi ba kitse ba ne, kuma kason na ƙaruwa in yunwar ta yi tsanani, furotin ya yi kaɗan, babu kuma aikin da ke wahalar da tsoka. Matsalar ita ce in nauyi ya tashi dawowa, kitse ke riga tsoka isowa. Mutum ya sauka ya hau sau uku ko huɗu, ya dawo kan tsohuwar lambarsa da jikin da ya fi na da rauni. Ga dattijo wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da tsokar cinya ake tashi daga zaune.

Jiki kuma ba ya manta an yi masa yunwa. A 1944 zuwa 1945, Ancel Keys na Jami'ar Minesota ya sa matasa 36 masu lafiya, waɗanda suka ba da kansu, a kan kalori kusan 1,570 a rana har mako 24 tare da doguwar tafiyar ƙafa. Sun sauke kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Abin da ya fi zama a tarihi shi ne yadda kawunansu suka koma: hira ba ta wuce abinci, wasu na tara littattafan girki, suna lashe kwano, ga saurin fushi da baƙin ciki. Da aka sake su, ci suka yi ta yi kamar ba gobe, har kitsensu ya zarce na farko kafin ya daidaita. Su ba masu ƙiba ba ne, saboda haka ba komai nasu ke hawa kan kowa ba. Amma a 2011 ƙungiyar Melbon ta ga makamancin abin a jinin masu ƙiba 50 da suka sauke matsakaicin kilo 13.5 cikin mako 10: bayan shekara guda cur, sinadarin girelin mai tayar da yunwa na nan sama da yadda yake a da, sinadarin leftin mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya kuma na ƙasa. Sai labarin 'yan gasar talabijin ta The Biggest Loser a Amurka, da aka bi 14 daga cikinsu aka wallafa a 2016. Sun sauke matsakaicin kilo 58 a mako 30, bayan shekara shida kilo 41 sun dawo, jikinsu kuma na ƙona kalori kusan 500 ƙasa da abin da ake tsammani ga masu girmansu.

Idan haka ne, burin da ya ƙare a ranar da sikeli ya nuna lambar da ake so rabin buri ne. Yunwar da ta biyo baya ba ta san an gama ba.

Ba zan daɗe a kan ƙwayoyi da shayin rage teɓa da ake tallatawa a intanet ba. Tarihinsu ya isa shaida: an hana maganin rage ƙiba na DNP a Amurka tun 1938, an janye haɗin fen-fen a 1997 saboda ya lalata wa mutane ƙofofin zuciya, an janye sibutiramin a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar jiki, kuma har yau hukumomi na tsintar sibutiramin a ɓoye cikin kayan da aka rubuta wa "na ganye zalla". Alluran zamani irin su Wegovy daban ne, magunguna ne na gaske da likita ke rubutawa. Amma su ma darasi suke koyarwa game da lokaci. A babban gwajin da aka wallafa a 2021, masu yin allurar sun sauke kusan kashi 15 cikin 100, wajen kilo 15, a mako 68. A raba, bai kai rubu'in kilo a mako ba. Waɗanda aka bi bayan sun daina kuma, cikin shekara guda kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke ya dawo. In maganin da ya girgiza duniya wannan ne gudunsa, mai shayin da ke alkawarin kilo 10 a kwana 14 me ya sani da masana ba su sani ba?

Mu koma wa matarmu, a mayar da ita Litinin ɗin farko. Mako biyar ba ƙaramin lokaci ba ne in an san abin da za a roƙe shi. Giɓin kalori 500 zuwa 700 a rana zai ba ta kusan kilo biyu da rabi zuwa uku na kitse, ruwan makon farko ya ƙara mata ɗaya ko biyu a kan sikeli. Ta isa biki a kan 91 ko 92, lambar da ta tsaya a kai da can ma, amma ba jiri, ba ta tsani rayuwarta ba, kuma hanya na nan a buɗe gabanta. Zangon farko na gaske kashi 5 cikin 100 ne, kusan kilo biyar. Na biyu kashi 10, kilo tara da ɗoriya, cikin wata shida. Daga nan ta tsaya da gangan, ta riƙe sabon nauyin wata biyu ko uku, ta ga ko rayuwar da ta kai ta nan za ta iya zama da ita, kafin ta yanke shawarar ƙarawa.

Lambar sikeli dai ba a hannunta take ba. Ba wanda ke iya umartar jikinsa ya sauke giram 700 ranar Alhamis. Abin da ke hannunta shi ne ta daina shan sukari a kofi da kwalba, ta sa furotin da ganye a kowane cin abinci, ta yi tafiya mai sa haki minti 30 sau biyar a mako, ta ba tsoka aiki sau biyu, ko da tsugunawa da miƙewa ne da tura bango. Waɗannan su ake rubutawa a takarda a riƙa sa musu alama, domin su ne ake iya cewa an yi ko ba a yi ba. Barci ma yana ciki, ko da yake shi aka fi rainawa. A wani ƙaramin gwaji a Jami'ar Shikago a 2010, mutum 10 sun ci ragaggen abinci iri ɗaya sau biyu, sau ɗaya da damar barcin awa takwas da rabi, sau ɗaya biyar da rabi. Nauyin da ya sauka kusan ɗaya ne, amma da gajeren barci kitsen da ya tafi ya ragu da fiye da rabi, sauran daga tsoka da ruwa aka cike.

Awo kuma a yi shi da wayo. Nauyin mutum na iya wasa da kilo ɗaya ko biyu tsakanin safiya da dare, mace kuma jikinta na riƙe ruwa gab da al'ada. A hau sikeli lokaci ɗaya, da safe bayan an zagaya, a kwatanta mako da mako, ko ma wata da wata. A haɗa da tef ɗin awo a zagaya ciki, tsakanin haƙarƙarin ƙasa da ƙashin ƙugu. Tun 2022 hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Ingila ke ba da shawarar kada zagayen ya kai rabin tsayin mutum. Mai santimita 165 ya nemi ƙasa da 82. Sau da yawa sikeli zai yi shiru mako biyu alhali tef na tafiya, bel ya ƙara rami ɗaya.

Akwai waɗanda wannan lissafin gaba ɗaya bai kamata su yi shi su kaɗai ba: mai ciki da mai shayarwa, yaro da bai gama girma ba, mai allurar insulin ko ƙwayoyin sauke sukari, mai ciwon ƙoda ko zuciya, da duk wanda ya taɓa shiga halin ƙin abinci ko cin ƙoshi ya tayar da amai. Wanda kuma yake ramewa bai nema ba, kashi 5 cikin 100 ko fiye a wata shida zuwa shekara, ba murna ce ta same shi ba, asibiti zai nufa. Mai kan hanya ma, in ya fara suma, ko zuciya na fizga, ko ciwo mai tsanani ya tokare shi a dama ƙarƙashin haƙarƙari bayan cin abinci, to ya tsaya haka nan ya ga likita.

Matar nan za ta je biki, za ta ci, kuma ya kamata ta ci. Washegari in ta hau sikeli za ta ga ƙarin kilo ɗaya da rabi, wataƙila biyu. Kafin wannan ya zama kitse sai ta ci rarar kalori sama da 11,000 a wuni guda, abin da cikinta ba zai ɗauka ba. Gishiri ne da sitaci da ruwansu, da kayan da ke hanji. In ta koma tsarinta ran Litinin, zuwa Alhamis ko Juma'a sun fita, sikeli ya dawo 91 da ɗan wani abu.